Kitson Katantanwa

Ƙarfe bakwai na safe daidai Tsintau ke raba iri. Na'urar tana zaune a ƙarƙashin ginin kamfaninta da ke gabashin Kano, cikin wani ɗaki mai sanyi da ba kowa ke shiga ba, amma kunnuwanta sun bazu ko'ina a gari. A safiyar wata Talata ta shekarar 2091, ta tace maganganu miliyan goma sha ɗaya da ta kwaso jiya. Ta zubar da gaishe-gaishe da tari da cinikin tumatir, ta ware guda ɗari huɗu da take ganin za su taɓa zuciya. Ta cire sunaye, ta sauya fuskoki, ta canza muryoyi, ta mayar da kowace magana ɗan gajeren bidiyo, sannan ta tura wa masu ɗora abubuwa a kafafen sada zumunta. Wannan shi ake kira iri.

Yunwa ce ta haifi Tsintau. A zamanin, na'ura na iya haɗa maka fim cikin minti guda, amma duk daga tsofaffin abubuwa take kwaɓa shi, har mutane suka gaji da cin tuwon jiya. Masu bidiyo kuwa kullum da tambaya ɗaya suke tashi: me zan ɗora yau? Sai wasu injiniyoyi suka ce ai sabon labari a bakin mutane yake. Suka ƙera kunne kamar ƙwayar wake, suka manna shi a majalisu, da teburin mai shayi, da cikin jirgin layi. Shekara biyu abin ya yi armashi. Daga nan jama'a suka gane, sai ka ga dattijo da furfurarsa ya gyara murya a majalisa ya shirga ƙarya, don kawai gobe ya ga labarinsa a allo. Iri ya fara lalacewa. Kamfanin ya duba gari kaf, ya ga wuri ɗaya ne ya rage da ake faɗin gaskiya, wato ɗakin mai kitso.

Ladiyo mai kitso tana hawa na tara a wani dogon bene da aka gina a tsohuwar unguwarsu. Shekarunta hamsin da takwas, talatin daga ciki a kan kujera 'yar tsugunno ta yi su, kan wata mace na bisa cinyarta. Mace in ta sunkuyar da kai, ba ta ganin idon kowa, bakinta sai ya buɗe. Ladiyo ta ji abin da liman bai ji ba, ta ji abin da likita bai ji ba, kuma ko sau ɗaya maganar wata ba ta taɓa tsallake ƙofarta ba. Haka ta gada wajen uwarta. Sau uku wakilin kamfanin yana zuwa da kunnensa a ɗan akwati, sau uku tana raka shi bakin matakala da tsinken kitso a hannu.

Ran Talatar nan da hantsi, Hassu ta faɗo ɗakin tana haki. Ɗiyar ƙanen Ladiyo ce, mai ɗora bidiyo, wadda mabiyanta suka zube daga dubu tamanin zuwa dubu tara. Mako biyu da suka wuce ita ta kawo wa gwaggonta kyautar wani madubi mai zagayen azurfa, ta kafa ƙusa da hannunta ta rataye shi.

“Gwaggo, na haye! Wallahi na haye. Kin ga irin da na samu yau? Ranar Juma'a zai fita, dandali arba'in ne za su ɗauka.”

Ta miƙa mata waya. A allon, wata mace ce da baƙuwar fuska, ta sunkuyar da kai ana yi mata kitso, tana magana a hankali. Tana cewa likita ya tabbatar mata ciwon daji ne, magani ya fara cinye mata gashi. Tana cewa ɗiyarta na da cikin wata takwas ga hawan jini, an ce ko faɗuwar gaba kada ta yi, don haka ba za ta gaya mata ba sai ta sauka lafiya.

Ladiyo ba ta kalli fuskar ba. Kan ta kalla. Layi uku ne suka taso daga goshi, suka lanƙwasa bayan kunnen hagu, suka naɗe kansu kamar katantanwa. Hannunta ne. Ita ta ƙirƙiro wannan kitson wata biyu da suka wuce don ta rufe inda gashi ya zube, kuma a duk faɗin Kano kai ɗaya ne ke ɗauke da shi, kan Malama Saude mai koyar da matan aure karatu a hawa na huɗu.

Ta ɗaga ido ta dubi madubin. Ta dubi Hassu.

“Ke. Me ke cikin madubin nan?”

Hassu ta fara in-ina. “Gwaggo, ai ba a gane kowa. An cire suna, an canza fuska, har murya...”

“Na ce me ke cikinsa?”

“Ido da kunne ne. Ƙanana. Gwaggo, mabiyana sun ƙare, ba ni da abin ɗorawa, in na ƙara wata guda a haka cire ni za su yi daga masu karɓar iri.”

Ladiyo ta tashi, ta ciro madubin, ta maka shi da ƙasa, ta bi shi da taɓarya har sai da ta ga 'yan wayoyin cikinsa. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta taɓa ji ba, kuma ba kan Hassu kaɗai ba. Ita da ta kori namiji da akwatinsa har sau uku, ga shi an shigo mata ta hanyar kyauta, ta kuma ce an gode.

“Suwaiba, ɗiyar Malama Saude, tana kwance a gida, likita ya hana ta motsi, waya ce a hannunta safe da yamma,” in ji ta. “Ta ga kitson nan a kan uwarta. Ranar Juma'a in ta gan shi a allo, me kike so ya faru da ita da abin da ke cikinta?”

Hassu ta zauna daɓas a tabarma. Sai yanzu ta ga kan.

“Ɗauko mayafinki,” in ji Ladiyo. “Ki kai ni wajen masu abin.”

A ofishin kamfanin, bayan sun hau jirgin layi sun sauka, aka zaunar da su gaban wani Injiniya Haladu, saurayi mai fara'a da farar riga. Ya saurare ta da ladabi, yana gyaɗa kai.

“Mama, ki kwantar da hankalinki. Doka ta ce a cire abu uku: suna, fuska, murya. Tsintau ta cire duka. Babu wanda zai gane matar nan.”

“Kan fa?”

“Wane kai?”

“Kitson da ke kanta.”

Ya yi murmushi. “Ai kitso kitso ne, Mama. Mun bar shi ne don bidiyon ya yi kama da gaske.”

“Kana da mata?”

“Ina da ita.”

“Wane kitso ne a kanta yanzu?”

Ya dubi silin kamar a can aka rubuta amsar.

“Ka gani ko?” in ji Ladiyo. “Ku nawa kuka ƙera abin nan?”

“Mu goma sha biyu.”

“Mace nawa?”

Maza goma sha biyu sun zauna sun lissafa duk abin da ake gane mutum da shi, babu wanda ya tuna da abin da ke ƙarƙashin ɗankwali. Su ba su san cewa mata na gane juna daga tsagar kai ba, har su faɗa maka hannun wace mai kitson ce.

“To a cire shi,” in ji ta.

“Ba zai yiwu ba, Mama. An riga an raba wa dandali arba'in, bayan sallar Juma'a zai tashi da kansa. Hanya ɗaya ce. Mai labarin ta zo da kanta, ta rubuta sunanta a takardar ƙorafi, a buga a shafinmu kamar yadda ƙa'ida ta ce, sai a janye.”

Ladiyo ta yi wata dariya marar daɗi. “Wato don a rufa mata asiri, sai ta fara tona shi da hannunta. Kai, Allah ya ba ku basira!”

“Ki yi haƙuri, Mama. Tsari ne.”

Ta tashi ta gyara mayafi. “Ɗan nan, ka riƙe tsarinka. Ni ma ina da nawa.”

Ba ta wuce gida ba sai da ta tsaya hawa na huɗu. Ta sami Malama Saude tana gyara littattafan ɗalibanta, ta durƙusa a gabanta, abin da ba ta taɓa yi wa sa'arta ba, ta faɗa mata komai ba ta rage ba. Malama ta ajiye littafin da ke hannunta.

“Ko 'yan'uwana ban gaya wa ba, Ladiyo,” in ji ta. “Cinyarki na gaya wa.”

“Na sani, Malama. Laifina ne. Amma wallahi Suwaiba ba za ta ji daga bakin waya ba. Ki ba ni kwana biyu.”

Ladiyo ba ta yi amfani da waya ba, don ba ta san iyakar kunnuwan Tsintau ba. Baki da baki aka yi aiken, daga hawa zuwa hawa, daga bene zuwa bene. Saƙon gajere ne: an saci maganar ɗaya daga cikinku a ɗakina. Ba zan faɗi wace ce ba. Duk wadda ta taɓa sunkuyar da kai ta faɗa min abin da ba ta so a ji, ta zo gobe da kanta a tsefe.

Ta yi zaton za ta ga mutum talatin. Da gari ya waye ran Laraba, layin ya sauka daga hawa na tara har titi. Ashe babu wadda ba ta taɓa faɗin wani abu ba. Ga matar alƙali, ga mai sayar da awara, ga direbar jirgin layi da kayan aikinta, ga tsohuwar da gashinta bai fi cikin hannu ba. Kowa na kallon ta kusa da ita, kowa na zaton tata maganar ce aka ɗauka, babu mai tambayar wata.

Hannu biyu ba za su iya ba. Ladiyo ta aika aka kira masu kitson unguwannin kusa, su goma sha bakwai, har da Tabawa wadda suka yi shekara shida ba sa ga maciji saboda ƙwacen masu zuwa kitso. Mai kitso ba ta koya wa abokiyar sana'a salon hannunta, kowa ya san haka. Ladiyo ta zaunar da Hassu a ƙasa, ta fizge mata ɗankwali, ta kama kanta a gabansu.

“Ku duba da kyau. Layi uku daga goshi. A nan ake karya shi, bayan kunnen hagu. Kada ku ja da ƙarfi a wajen naɗin.”

Tabawa ta leƙo, ta taɓe baki. “Lallai Ladiyo, yau kin ba da gari. Wannan karyawar na daɗe ina neman yadda kike yin ta.”

“Ɗauki, na ba ki har abada. Ke dai yi sauri.”

Aka baje tabarmi a barandar kowane hawa. Ƙamshin man kitso ya cika benen. Hassu, da sabon kitsonta da jajayen idanu, ita ke zagayawa da kwalbar mai da ruwan sha, ba wanda ya ce mata sannu. Wata yarinya ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, Tabawa ta daka mata tsawar da sai da wayar ta kusa faɗuwa. Zuwa la'asar ɗin Alhamis yatsun Ladiyo sun kumbura, ba ta iya riƙe kofi, amma kawuna fiye da ɗari shida sun fita da katantanwa a bayan kunne. Waɗanda aka yi wa suka je unguwanninsu, wasu masu kitson suka gani suka kwaikwaya ba tare da sun san dalili ba.

Saura kai ɗaya. Ladiyo ta jiƙa hannuwanta a ruwan ɗumi, ta ɗauki tsinkenta, ta tafi gidan Suwaiba. Ta same ta a kishingiɗe, ƙafafu a kumbure, waya a hannu.

“Gwaggo Ladiyo! Ke ce da kanki?”

“To da wa zai zo? Haka za ki haihu da kai kamar sheƙar tsuntsu, 'yan barka su zo su ce ba ki da kowa? Matso nan.”

Ta yi mata a hankali, tana cije leɓe saboda zafin yatsu. Da ta gama, Suwaiba ta shafa bayan kunnenta.

“Lah, wannan ai irin na Umma ne.”

“Umman taki ce ta ƙirƙiro shi? Yayi ne, yarinya. Ke da kike kwance ba ki san abin da gari ke ciki ba. Matar maƙwabcinku ma shi ne a kanta, kira ta ki gani.”

Ranar Juma'a, ana idar da salla, bidiyon ya tashi a dandali arba'in lokaci guda. Kafin la'asar mutum miliyan uku sun gani. Maza suka yi ta rubuta Allah sarki. Mata kuwa kowacce ta kalli kan, ta kai hannu bayan kunnenta, ta yi shiru.

Ladiyo na zaune a ɗakin Malama Saude lokacin da waya ta yi ƙara. Suwaiba ce. Malama ta dubi Ladiyo, ta ɗauka.

“Umma, kin ga bidiyon baiwar Allahn nan mai ciwo? Har kuka na yi. Kuma irin kitsonmu ne a kanta, ashe da gaske yayi ne. Allah ya ba ta lafiya, ya sa ɗiyarta ta sauka lafiya.”

“Amin,” in ji Malama. “Amin, Suwaiba. Kin sha maganinki?”

Bayan kwana goma sha tara Suwaiba ta haifi ɗiya mace, lafiya lau. Sai da aka yi suna aka watse, Malama ta zaunar da ita ta gaya mata da bakinta, a ranar da ta zaɓa. An yi kuka, amma kukan da uwa ke riƙe da hannun ɗiyarta ne.

Hassu ta sami mabiya dubu ɗari tara. Ta rufe karɓar iri, ta zauna da su ba ta san me za ta ce musu ba.

Abin da injiniyoyin ba su lissafa ba shi ne abin da ya biyo baya. Ashe ba ɗakin Ladiyo kaɗai aka kai kyautar madubi ba, ɗakuna ɗari biyu ne. Da labari ya zaga, aka farfasa su duka. Amma fasa madubi bai dawo da komai ba. Mata suka ci gaba da zuwa kitso, su sunkuyar da kai, su yi gum har a gama. Shirun ya fita daga ɗakunan kitso ya shiga gidajen biki, ya shiga jirgin layi, ya kai har teburin mai shayi. Tsintau da ke raba iri ɗari huɗu ta koma casa'in, ta koma shida. Wata safiya masu bidiyo suka buɗe wayoyinsu ƙarfe bakwai, suka tarar da layi ɗaya: babu iri yau.

Injiniya Haladu da kansa ya hau hawa na tara, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu.

“Mama, mun gyara. Yanzu Tsintau na canza kitso ma. Mun ɗauki mata huɗu aiki. Ki taimaka ki gaya musu su saki jiki su riƙa hira kamar da.”

“Hira da wa?” in ji Ladiyo. “Kun je rijiyar da gari ke sha kun kafa famfo, kun zuƙe, yanzu ka zo ka ce in roƙi ruwa ya dawo? Sauka, ɗan nan. Ka san hanyar matakala, abokin aikinka ya bi ta sau uku.”

Ya sauka. Ta ji daɗin korarsa, amma daɗin bai kai minti biyar ba.

Da yamma Malama Saude ta zo. Ta rame, gashin ya ƙara tafiya, abin da ya rage bai fi a kama da yatsu uku ba. Ta zauna a tabarma, ta ɗora kai a cinyar da ta saba ɗorawa shekara talatin.

“Ya jikin, Malama? Me likita ya ce?”

Malama ta ɗan juya ido wajen bango, inda ƙusar madubin ke nan a kafe.

“Alhamdu lillahi,” in ji ta. Ba ta ƙara ba.

Wannan ya fi komai yi wa Ladiyo ciwo, ya fi kumburin yatsu, ya fi salon da ta bayar. Ta ajiye tsinke, ta tashi, ta ɗauko filaya ta tumɓuke ƙusar, ta wurga ta ta taga. Ɗan ramin ya rage a bango, baƙi, ƙarami. Su duka biyu suka tsaya suna kallonsa.

“To shi ke nan,” in ji Ladiyo. “Tashi ki hau kujerar.”

“In yi me?”

“Ki tsefe min kai. Shekara talatin ina jin na mutane, ba wanda ya taɓa jin nawa. Yau zan faɗa. In akwai mai saurare a bangon nan, ya buɗe kunne da kyau.”

Ta cire ɗankwali, ta zauna a ƙasa, ta ɗora furfurarta a cinyar Malama. Ta ja numfashi, da niyyar ta ɗaga murya yadda har na ƙasan bene za su ji. Ta fara magana, kuma ba ta fasa ba har ta kai ƙarshe. Sai dai Malama ta yi ta sunkuyowa tana cewa “Me kika ce?”, domin a cikin ɗakinta, ƙofa a rufe, Ladiyo da raɗa take magana.